Yaron Dauran da Na Kasa Kira da Sunansa

Kasuwar Daji,
Ƙasar Ƙaura Namoda,
Jihar Zamfara.

Zuwa ga Kofur, na gidan Yaya Hamidu a Dauran.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji da sanyin makwanci. Mu nan lafiya lau muke. An gama yankan gero, dawa ma ta kusa.

Malam Isiyaku, mai koya mana karatu a ajin manya bayan la'asar, ya ce kowace wasiƙa sai an sa mata adireshin mai karɓa. Na tambaye shi adireshin wanda ke kwance a Saliyo, ƙasar da ban san inda alƙiblarta take ba. Ya ce in rubuta kawai, in na gama in karanta wa 'yan aji. To ga su nan a bayana, tsofaffi ne irina, kusan kowa da ɗan farinsa. Su ma su ji.

Albishirinka. Goron na yafe maka.

Rabi matarka ta sauka lafiya a gidansu a Galadi, an sami namiji. Yau kwanansa goma sha biyu. Ƙato ne, kunnensa ya nuna baƙi zai yi kamarka, kuma ya ɗauko yatsun ƙafar gidanmu, babban ya ware daga sauran. Ranar da ɗan kabu-kabu ya kawo labari ina gona ina ɗaurin dami. Na saki igiya na taho gida da takalmi ɗaya. Mata sun ce wai har rawa na taka a ƙofar gida. Ban tuna ba, amma ban ƙaryata su ba. Maƙwabcina ya leƙo ya ce, "Garba, yi a hankali, Shari'a ta zo, an hana kiɗa." Na ce masa ai babu kiɗa, rawar ce tsura.

Jika ba a jin kunyarsa. Na ɗauke shi a gaban kowa, na shinshina kansa, na gaya masa gona tana jiransa, kada ya zo mini da lalaci. Ban taɓa sanin jariri na da nauyi haka ba, don kai ban taɓa ɗaukar ka ba.

Kafin in gaya maka sunan da aka sa masa sai na koma baya, don akwai abin da ya daɗe a wuyana.

Kai ne ɗan farina. Wannan layi sau uku ina rubutawa ina gogewa kafin in bar shi.

Ka san yadda muka taso. Mutum ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya ce da shi ɗana a gaban mutane. In an yabe shi sai ka duƙar da kai ka kawo wata magana. Haka ubanmu, har ya koma ga Allah, ya yi wa Yaya Hamidu, kuma ba wanda ya ce ba ya son sa. Da aka yaye ka aka kai ka Dauran wurin Yaya. Shi ya riƙe ka, shi ya sa ka makaranta a Zurmi. Tun daga nan ka zama "yaron Dauran" a bakina. Samari da yawa a garinmu sunanku ɗaya, su ma ban iya kiransu. Sai dai in ce, kai, ɗan wane.

Innarka, Allah ya jiƙanta, ta fi ni tsanani. In ka zo hutu sai ta tsame naman miya duka ta tura ƙarƙashin malmala ɗaya, ta ce da ƙannenka, "A kai ma baƙon Dauran." Ta mutu ba ta kira ka ba ko sau ɗaya. Wurin zaman makokinta abin da aka yi ta yabo ke nan, mace mai kunya.

Ranar da za ka tafi aikin soja, Yaya ne ya raka ka tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura. Ni na ce ina da aiki. Da kuka fita sai na hau keke na bi ku ta wata hanya. Na tsaya bayan buhunan gyaɗa da aka jibge, ina leƙen ka ta tsakaninsu. Kana sanye da farar riga mai guntun hannu, kana cin rake. Jirgi ya yi kuka, ya ja, na tsaya har hayaƙinsa ya ɓace. Da na dawo gida aka tambaye ni, na ce gishiri na je saye. Ban ko tuna in sayo gishirin ba.

Wasiƙunka Dauran suke zuwa, Yaya ya sa a karanta, ya aiko mini da abin da ya tuna. Wata rana na ce ni ma bari in aika tawa. Na je wurin mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya na Ƙaura, na zauna a bencinsa. Ya gyara takarda, ya ɗaga biro, ya ce, "Zuwa ga wa, Baba?" Mutum huɗu na zaune suna jiran layi. Na dube su, na dubi biron. Na ce masa na manta wani abu a kasuwa, na tashi.

Abin da ya kai ni makaranta ke nan da furfura. Da aka ba mu sabuwar jiha aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a firamaren garinmu. Wasu sun shiga don su iya karanta allunan hanya da aka canza, wasu don su daina dangwala yatsa. Ni na shiga ne don in rubuta maka abin da ba sai wani ya ji ba. Benci na yara ne, gwiwata tana taɓa haɓata. Shekara guda na yi ina faɗa da baƙi da wasali kafin su yarda su zauna wuri ɗaya.

Zuwanka na ƙarshe, da ka zo hutu aka ɗaura maka aure da Rabi, ka shigo gaishe ni da kaki. Ka durƙusa a zaure, na juya gefe kamar yadda na saba. Amma idona ya faɗa kan ƙirjinka, inda aka ɗinka wasu baƙaƙe. Na haɗa su a zuciya, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda Malam ya koya mana. Garba. Sunana ne. Shi ne abu na farko da na karanta a wajen aji ba da taimakon kowa ba. Na ji ƙirjina ya cika. Ka san abin da na ce maka? Na ce, "An zo lahiya? Yaya mutanen Dauran?" Ka ce suna gaisuwa. Iyakar hirarmu ke nan. Hutu ya ƙare kafin ka gyara wa Rabi ɗaki, ta koma gidansu ta jira ka.

Na fara maka wasiƙa bayan tafiyarka. Na rubuta labarin damina da na akuyar da ta haifi uku. Layin sama na bari fari, na ce sai hannuna ya ƙara ƙwari. Tana cikin littafina har yau.

Yanzu ga abin da na yi. Ba na son ka ji shi a bakin kowa.

Ranar kasuwa ce, hantsi ya ɗaga. Ina zaune rumfar masu awo da buhun gerona, sai ga motar soja ta tsaya a bakin hanya. Mutum biyu suka sauko da kaki, suna tambaya rumfa rumfa, mutane na nuno ni. Suka tsaya a kaina. Babban ya cire hula, ya faɗi sunanka ya haɗa da nawa, ya ce, "Baba, kai ne mahaifinsa?"

Abokan zamana suna murmushi, wani ya zungure ni da gwiwar hannu. Duk mun ɗauka ƙarin girma ka samu, ko saƙo ka aiko. Ka san a wurinmu mutum ya buɗe baki tsakiyar kasuwa ya ce ni ne uban soja, wannan alfahari ne, sai a yi shekara ana maimaita shi. Ban ko yi tunani ba, baki ne ya yi abin da ya saba. Na ce, "Yaron Dauran na. Ku tahi wurin Hamidu."

Suka dubi juna. Ƙaramin ya ciro littafi ya rubuta wani abu. Suka shiga mota suka ɗauki hanyar Zurmi.

Ban lura da hular da ya cire ba. Daga baya ne na yi ta ganin ta.

Na ci gaba da awo. Na ci ƙosai, na sha fura, aka yi ta zolayata ana ce mini baban janar, ina kawar da kai ina jin daɗi a ciki. Tun hantsi har la'asar ina dariya, kai kuwa ka yi kwanaki a ƙasa.

La'asar sakaliya sai ga Yaya Hamidu a bayan kabu-kabu, kansa babu hula. Tun da nake ban taɓa ganin Yaya a waje ba hula ba. Ya sauka, ya zo ya tsaya a gaban buhuna. Ya ce, "Garba, kai aka zo gaya ma, kak koro mani su." Mudu ya faɗi daga hannuna, gero ya watse, kaji suka taru.

An yi zaman makoki. Mutane suna zuwa su ce mini ya haƙuri, in ce haƙuri sai ma'aiki, fuskata a bushe. Aka ce Garba akwai dauriya. Ba dauriya ba ce. Ban san ta inda zan fara kukan wanda na ce ba nawa ba ne.

Bayan wata biyar takarda ta zo, wai za a ba ka lambar yabo ta jarumta, ana neman iyalinka a bariki. Rabi na cikin takaba da tsohon ciki, ba ta iya tafiya. Ni da Yaya muka shiga mota.

A ƙofar wani ofis magatakarda ya tare mu da takardu biyu. Ba Bahaushe ba ne, amma yana jin Hausa. Ya ce ga takardar da ka cike da hannunka ranar da ka shiga aiki, ga kuma ta waɗanda suka kai saƙo, sun rubuto cewa Garba ya ce ba shi ba ne. To wane ne uban a cikinmu? Yaya ya yi ta yi masa bayanin kunyar ɗan fari, mutumin yana kallon mu kamar muna yi masa tatsuniya. Ni kuwa na karɓi takardarka na kai ta kusa da ido. Rubutunka ƙanana ne, a tsaye. A gurbin mahaifi ka sa Garba, Kasuwar Daji. Yaya ya ci da kai, ya sha da kai, ya yi jinyar ƙyandarka, amma da aka tambaye ka uba, ni ka rubuta.

Magatakarda ya ce abin mai sauƙi ne. In an kira, uban ya fito ya faɗi sunan ɗansa a gaban jama'a, a miƙa masa. Yaya ya ce, "Ka ji, Garba. Ni riƙo niy yi. Kai ka tashi."

Muna jiran a fara, wani soja mai sanduna biyu ya zo ya durƙusa da ƙyar ya gaishe mu. Ya ce sunansa Saje Bitrus, tare kuke. Shi ya ba mu labarin da daga baya aka karanta da Turanci ban ji ko kalma ɗaya ba.

Ya ce an ba ku umarni ku janye daga wani gari, hanya ɗaya ce, wata siririyar gada a kan kogi. Ana ruwan sama, 'yan tawaye na harbi daga tudu, mutanen gari mata da yara sun cakuɗu da ku kowa na son ƙetarewa. Kai ka riga ka haye. Shi kuma harsashi ya karya masa cinya a wancan gefe, yana kwance cikin taɓo yana kira. Ya ce sai ganin ka ya yi a kansa. Ka saɓa shi a kafaɗa kamar damin gero, kana gudu kana ce masa, "Saje, don Allah ka rage cin tuwo." Ka aje shi, ka koma ka ɗauko wani. Da ka koma na uku ka tarar mai riƙe da babbar bindiga a bakin gada ya faɗi, ga sauran mata ba su gama wucewa ba. Sai ka zauna a wurinsa.

Ya ce, "Baba, mu a soja da sunan uba muke kiran mutum. Ranar nan sunanka muka yi ta kira. Garba, dawo! Garba, ya isa! Bai waiwayo ba sai da mace ta ƙarshe ta haye da goyonta. Lokacin kuma babu sauran hanya."

Washegari suka koma suka ɗauko ka. Musulmin cikinsu suka yi maka salla, aka sa ka a bayan wani ƙaramin masallaci, ƙasar wurin ja ce. Na tambaye shi ko an daidaita ka da alƙibla. Ya ce limamin garin da kansa ya shiga ramin.

Aka busa begila, aka yi fareti. Ana kiran iyalai ɗaya bayan ɗaya. Wata tsohuwa daga kudu ta fito ta kira sunan ɗanta da ƙarfi har sau uku tana dukan ƙirji, ba wanda ya ga laifinta. Sai aka zo kanka. Yaya ya tura ni. Na taka har gaban babban hafsa, yana riƙe da ɗan akwati a buɗe. Wani ya kawo abin magana kusa da bakina. Hafsan ya ce, "Baba, me kake ga wannan jarumi? Faɗi sunansa jama'a su ji."

Wallahi na buɗe baki. Sunan yana nan a kan harshena, ina jin nauyinsa. Na ji numfashina yana fita ta lasifika. Na ga idanu, na ga kamar ubana na zaune a cikinsu, da innarka, da duk tsofaffin Kasuwar Daji. Harshe ya naɗe. Abin da ya fito shi ne, "Yaron Dauran na."

Lasifika ta ɗauki maganar ta kai ta har ƙarshen fili.

Hafsan ya jira ni, Allah ya saka masa, ya jira sosai. Sai na ji ƙarar sandar Yaya a bayana. Ya zo ya faɗi sunanka, aka miƙa masa, aka sara masa. Na bi shi a baya muka koma mazauninmu.

A tashar mota Saje Bitrus ya biyo mu da sandunansa. Ya ce kada in sa abin a rai, ka riga ka ba su labarina. Wai in ana hirar gida kakan ce, "Babana ba ya kiran sunana. Amma ya bi ni tasha ya ɓuya bayan buhunan gyaɗa. Hularsa na gani." Ya ce kana faɗa kana dariya.

Ya gaya mini ne don in ji sanyi. Ni kuwa ji na yi kamar an ƙara ɗaure ni. Ashe ka gan ni. Ashe shekara tara kana jira in fito daga bayan buhu.

A cikin mota, da muka yi nisa, na ce da Yaya a hankali ya ba ni akwatin in gani. Ya ɗora hannu a kan aljihu. Ya ce, "A'a. Gaban mutane aka ba da shi, gaban mutane za ka amsa. Ba kayan sata na ba." Lambarka ta tafi Dauran, ni na sauka Kasuwar Daji hannu wofi.

Na yi ta gwadawa. In na shiga tsakiyar gona, inda ba kowa sai dawa, sai in tsaya in ce yau zan faɗa. In waiga dama, in waiga hagu. Ko dawar ban iya gaya wa ba.

A kwanakin ne maganar Shari'a ta cika gari, kowa ya zama mai fatawa a teburin shayi, ana ta rarrabe abin da ke addini da abin da ke al'ada. Malam Isiyaku jikan alƙalai ne, ya san littattafai. Ya tsayar da ni bayan an tashi aji ya ce, "Baba Garba, babu littafin da ya hana uba kiran ɗansa. Wanga abu al'ada ta." Na ce masa na yarda. Amma ba alƙali ya ɗaure ni ba, balle alƙali ya kwance ni.

Haka nake har ranar da na taho daga gona da takalmi ɗaya.

Da na isa Galadi na tarar ba a yi wa yaro huɗuba ba. Mahaifin Rabi ya so ya yi, ta ce a'a, kakansa na wajen uba za a jira. Kuma ta riga ta zaɓi suna. Naka.

Ungozoma ta miƙo mini shi a ƙofar ɗaki, Rabi na bayan labule. Na yi masa kiran salla a kunnen dama, na yi iƙama a na hagu, muryata garau. Da na zo kan suna sai na sunkuya sosai, na motsa leɓe, na tofa addu'a, na miƙa shi. Na ɗauka ba wanda ya gane.

Ka san suruka ba ta yi wa uban miji magana kai tsaye. Da jaririn ta yi. Na ji ta ta bayan labule tana ce masa Audi, yadda ake kiran wanda bai tarar da ubansa ba. Ta ce, "Yi haƙuri, Audi. Kakanka bai shirya ba. Babanka ma haka yaj jira."

Na fita ban yi sallama ba.

Ana gobe suna dabara ta zo mini, har na yaba wa kaina. Na ce ai ba a banza na sha zaman bencin yara ba. Na yago takarda daga littafina, na zauna gindin bishiyar bedi tun azahar, na rubuta sunanka. Karo na farko ke nan a rayuwata. Baƙaƙe shida suka kai ni har la'asar. Na ninke na sa a aljihu. Gobe in miƙa wa liman, ya karanta, a shafa fatiha, kowa ya huta.

Da safe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ga goro, ga rago a ɗaure. Yaya ya zo daga Dauran, aljihunsa a kumbure. Saje Bitrus ma ya zo, don da ma ya roƙi a sanar da shi, ya zauna daga gefe ya miƙe ƙafarsa. Liman ya karkato kunne wajena don in raɗa masa. Na miƙa masa takarda.

Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya nisanta ta da ido. Ya ce, "Malam Garba, ni da ajami na girma. Wanga rubutun naku ban san kansa da gindinsa ba." Aka yi dariya. Shekara uku ina makaranta, ban taɓa tunanin limamin Galadi bai je ajin Malam Isiyaku ba.

Saje Bitrus ya miƙo hannu ya ce, "Baba, kawo in karanta masa."

Ga ƙofa a buɗe. Da na miƙa, ba wanda zai zarge ni, da ma haka aka san ni. Na dubi takardar, na ga karkatattun baƙaƙena, sai na tuna naka ƙanana a tsaye. Kai da aka tambaye ka ba ka aiki kowa ba. A bakin gadar ma ba ka ce wani ya je ba.

Na dunƙule takardar a hannu. Na miƙe tsaye, abin da ba a yi a wurin raɗin suna. Na ce, "Sunansa Muhammadu Lawali. Sunan ubansa na. Ubansa kuwa ɗana na, ni na haihe shi."

Muryar da ta fito ba tawa ba ce, kamar ta ɗan akuya. Amma ta fito. Sanƙira mai shelar suna ya saki baki ya manta aikinsa, sai da liman ya taɓa shi sannan ya ɗaga murya ya sanar. Guɗa ta tashi daga cikin gida. Ni kuwa kukan da ban yi ba a kasuwa, ban yi ba a makoki, ban yi ba a bariki, shi ya zo mini a gaban surukai, da goro a hannu.

Ba kowa ya ji daɗi ba. Na ji wani dattijo na cewa tsoho ya zubar da kunyarsa a garin mutane. Ban ji haushinsa ba, bara da ni ne zan faɗi haka.

Yaya ya dogara sanda ya tashi. Ya ciro akwatin ya ɗora mini a tafin hannu, kowa na gani. Ya ce, "Ashe bakin na aiki." Sai ya juya da sauri yana gyara hula, wai ƙura ta shiga masa ido.

Lambarka ta fi yadda na zata nauyi. Ƙarfe ne mai sanyi da ɗan ƙyalle a sama. A bayanta an zana sunanka da nawa, suna jere. Na karanta da kaina. Na kai ta ƙofar ɗakin Rabi na ce a sa wa yaro ƙarƙashin matashi, tasa ce, ni ajiya zan yi masa har ya girma.

A nan na gane abin da yarinyar nan ta yi. Sunan mijinta ne, kuma ɗan farinta ne, ita ba za ta taɓa iya kiran sa ba. Ta zaɓe shi ne ta ɗora mini. Na ce ta bayan labule, "Rabi, kada ki yi irin tawa." Ta ce, "To, Baba." Har na taho Audi take ce masa. Ban matsa mata ba. Na san igiyar, na san inda take kamawa.

To ka ji. Galadi ta ji, Dauran ta ji, yau 'yan ajinmu za su ji. Kai kaɗai ne ba ka ji ba, kuma kai ne mai shi. Wannan ba ni da yadda zan gyara shi. In na ɗauki ɗanka ina kiran sa har in gaji, murna ta cika ni har wuya, sai in tuna sau nawa ka durƙusa a zaurena ina kallon bango.

Allah ya jiƙanka, ya karɓi shahadarka, ya yalwata maka wannan jar ƙasa da ban sani ba. Allah ya saka wa Yaya Hamidu da Aljanna, ya ba Saje Bitrus lafiyar ƙafa, ya ba Rabi haƙuri da abokin zama nagari in lokaci ya yi. Allah ya raya ɗanka, ya ba shi zuciyarka, kada ya ba shi bakina. In ka haɗu da innarka ka gaya mata na faɗa, kuma ƙasa ba ta tsage ba. Ranar da Allah zai tara mu, ka duba fili, kada ka duba bayan buhu.

Ka yafe mini, Lawali.

Ni ne ubanka,
Garba na Kasuwar Daji,
da hannunsa.